Teburin awon iska: na'urar da ke gwada numfashin kan inji, da yadda ake haɗa ta

Teburin awon iska, wanda da Faransanci ake ce wa banc de flux, na'ura ce da ake ɗora kan inji a bisanta, a zuƙi iska ta cikin hanyoyinsa, a auna yawan wadda ke iya wucewa. Kan inji shi ne abin da makanikan Maraɗi da Damagaram ke kira kulas, wato murfin ƙarfe ko na alminiyom da ke rufe saman silinda, mai ɗauke da supap da buji da hanyar shigar iska da ta fitar hayaƙi. Ba a tayar da inji wajen wannan gwaji, ba a kuma zuba mai. Kulas ɗin kaɗai ake ɗorawa.

Amfanin teburin yana fitowa ne a ranar da aka taɓa kulas. Makaniki kan gurje hanyar iska don ya faɗaɗa ta, ko ya sake yanka mazaunin supap, sannan ya mayar da komai, ya ce wa mai moto ya je ya gwada. Ƙarfen da aka gurje ba ya komowa. In aikin bai yi ba, ɗan kabu-kabu ya yi asarar kuɗin gyara da na sabon kulas, ga kwanakin da bai fita nema ba. Teburin yana ba da adadi kafin aiki da bayan aiki, ta yadda za a san ko gyara aka yi ko ɓarna.

Dalilin da ya sa ake auna iska

Inji mai amfani da man fetur, wato isansi, yana buƙatar kilo 14,7 na iska kafin ya ƙone kilo guda na mai ƙurmus. Lita guda ta mai tana cin iska wajen lita dubu 9 ke nan. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Iska ce ke da wuyar shigarwa, kuma man da bai samu iskarsa ba hayaƙi yake zama.

Yawancin motoci da baburan yau suna bin tsarin bugu huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876: shaƙa, matsawa, ƙuna, fitar hayaƙi. A ɗauki injin moto mai 125 da ke juyi 6000 a minti. Yana shaƙar iska sau 50 a kowane sakan, kuma saukar pisto guda ba ta wuce kashi 5 cikin 1000 na sakan ba. A wannan ɗan lokaci ne iska za ta bi ta matata, ta ratsa karbirato, ta yi kwana a cikin kulas, ta kewaye kan supap, ta cika silinda. Mafi ƙuncin wannan hanya galibi yana wajen supap da mazauninsa. Shi ya sa masu ƙera inji suka fi sa ido a nan.

Taƙaitaccen tarihi

Lissafin da teburin ya dogara da shi ya girmi mota. Bafaranshe Henri Pitot ya auna gudun ruwan kogin Sen da lanƙwasasshen bututu a 1732, sannan Daniel Bernoulli ya bayyana dangantakar gudu da matsi a littafinsa na 1738.

A fagen inji, Harry Weslake na Ingila, wanda ya rayu daga 1897 zuwa 1978, yana cikin na farko da suka yi suna wajen auna iskar kan inji, kuma ya yi wa kamfanoni irin su Jaguar da Austin aiki. A Amurka, kamfanin SuperFlow ya fara sayar da ƙaramin teburi a 1972, abin da ya kai na'urar garajin masu tseren mota. Matsin inci 28 na ruwa, wanda akasarin masu gwaji ke amfani da shi yau, ana danganta yaɗuwarsa da Smokey Yunick, makanikin tsere na Daytona Beach a jihar Florida.

Ƙa'idar aiki

Iska ba ta motsi sai da bambancin matsi. A cikin inji, saukar pisto ce ke haifar da wannan bambanci. A teburi kuwa injinan zuƙa ne ke yin aikin. Lambobi biyu ake nema: ƙarfin zuƙar, da yawan iskar da ta wuce da wannan ƙarfi.

Ana auna ƙarfin zuƙar da tsawon ruwan da ta iya ɗagawa a cikin tiyo. Inci 28 daidai yake da santimita 71, ko kusan paskal 7000. Yawan iska kuma ana faɗinsa da lita a sakan, ko da ma'aunin Amurkawa mai suna CFM. CFM guda lita 28,3 ne a minti.

Dole a tsayar da matsin a wuri guda duk tsawon gwaji, domin kowace hanya tana wuce da iska mai yawa in aka ƙara mata zuƙa. Sai dai ƙarin ba ya tafiya kai da kai: kafin iska ta ninka biyu, sai matsi ya ninka huɗu. Wannan ne ke ba da damar juya sakamako daga wani matsi zuwa wani, ta hanyar abin da malaman lissafi ke kira racine carrée. Adadin da aka samu a inci 10 ana ninka shi da 1,67 a samu na inci 28. Na inci 25 kuma ana ninka shi da 1,06. Saboda haka duk adadin da aka faɗa ba tare da matsin da aka auna shi ba, ba a iya kwatanta shi da komai.

Sassan teburin

Akwati. Akwati ne na katako mai ɗakuna a ciki. Kulas yana zama a bisa, kan wata ƙofa. Iska tana shiga ɗakin farko, ta daki wani allo da ke karya gudunta, ta ratsa faifan awo zuwa ɗaki na biyu, ta bi ta mabuɗin daidaita zuƙa, ta kai ga injinan. Ƙarfin akwatin abin lura ne. A matsin santimita 71, allon da ke da santimita 50 a kowane gefe yana ɗauke da nauyin da ya kai kusan kilo 180. Don haka ana amfani da katako mai kaurin milimita 18 ko fiye, a sa masa ginshiƙai a ciki, a liƙe kowace gaɓa da gam da silikon.

Injinan zuƙa. Masu haɗa teburi a gida sun fi amfani da injinan na'urar zuƙe ƙurar ɗaki. Fankar ɗaki ba ta yi, domin tana tura iska da yawa amma ba ta da ƙarfin ɗaga ruwa ko da santimita kaɗan.

Faifan awo. Faifan ƙarfe ne mai rami zagayayye a tsakiya, wanda aka san faɗinsa daidai. Bakin ramin ta gefen da iska ke shigowa dole ya zama mai kaifi, babu gurzo, babu lanƙwasa. Masu injin tur ne ya kamata su huda shi. Iskar da ke ratsa irin wannan rami tana tsukewa, har abin da ke wucewa ya zama kashi 60 zuwa 62 cikin 100 na abin da faɗin ramin zai ba da a lissafi. Wannan adadi ba ya canzawa sosai, shi ya sa faifan ya zama ma'auni mai aminci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 5167 ta yi bayanin irin waɗannan faya-fayai a cikin bututu.

Ma'aunan ruwa. Guda biyu ne. Na farko tiyo ne mai gani-gari da aka lanƙwasa kamar harafin U, tsayinsa wajen mita guda, baki ɗaya a ɗakin farko, ɗaya a buɗe. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan ɓangarorin biyu ita ce matsin gwaji. Na biyu yana auna bambancin matsi tsakanin ɗakunan da faifan ya raba, kuma kwantar da shi ake yi a karkace, don ƙaramin canji ya fito fili. In an karkata tiyon da digiri 30, ruwa zai yi tafiyar santimita 2 a duk hawan santimita guda. Sababbin tebura suna amfani da ƙananan na'urorin lantarki masu aika adadi zuwa kwamfuta, amma su ma da tiyon ruwa ake tantance su.

Madadin silinda. Bututu ne da ake sa wa tsakanin kulas da teburi, wanda faɗin cikinsa ya yi daidai da na silindar injin. Misali, injin Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma baburan China da dama suka kwaikwayi tsarinsa, faɗin silindarsa milimita 56,5 ne. In aka gwada kulas ɗinsa a kan bututu mai faɗin gaske, adadin zai yi ƙarya, domin a inji bangon silinda yana tare wani ɓangare na iskar da ke fitowa daga supap.

Mabuɗin supap. Ana cire siririn ƙarfen da ke mayar da supap, a sa mai laushi a madadinsa. Sai a kafa ƙusa mai zare a bisa sandar supap don tura shi sannu a hankali, da agogon awo mai nuna kashi ɗaya cikin 100 na milimita.

Lissafi kafin a yanka katako

Tambayar farko ita ce wane irin kulas za a riƙa gwadawa, domin ita ce ke yanke girman faifai da yawan injina.

Lissafin faifan shi ne: a ninka bambancin matsi da 2, a raba da nauyin iska, a fitar da racine carrée, sai a samu gudun iska. A ninka gudun da filin ramin, sannan da 0,62. Ga misali. Rami mai faɗin milimita 30, bambancin matsi santimita 20 na ruwa, wato paskal 1960, nauyin iska kilo 1,2 a mita kub. Gudun ya kama mita 57 a sakan, iskar kuma lita 25 a sakan, kimanin CFM 53. Wannan ya dace da ƙananan babura. A wannan matsi, rami mai milimita 40 yana ba da lita 45, mai milimita 60 kuma lita 100, wanda ya ishi kan injin motoci da yawa.

Faifai guda ba ya wadatarwa. In iska ta ragu da rabi, ruwan ma'auni yana sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ruwan santimita 20 ya koma santimita ɗaya da ɗan kai, inda kuskuren ido na milimita guda ke ɓata sakamako. Saboda haka ake tanadin faya-fayai uku ko fiye, a riƙa sauyawa.

Sai batun wuta. Injinan za su ja matsin gwaji da na faifai a haɗe, wajen paskal 9000. Zuƙar lita 25 a sakan a wannan matsi aikin watt 225 ne. Injin zuƙe ƙura kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar da yake ci ne ke komawa aikin iska, don haka mai watt 1000 zuwa 1200 guda ɗaya ko biyu sun isa gwajin moto. Kan injin mota mai lita 100 a sakan yana neman injina huɗu ko fiye. Huɗu masu watt 1000 suna jan ampiya 18 a layin volt 220, abin da ya fi ƙarfin wayar shaguna da yawa. Wanda wutarsa ba ta kai ba yana iya gwaji a santimita 25, wato inci 10, ya juya sakamakon da lissafi.

Tantance teburin

Kafin a ɗora kulas, ana rufe ƙofar bisa ruf, a kunna inji na ɗan lokaci, a kai matsi santimita 71. Ma'aunin faifai bai kamata ya motsa ba. In ya motsa, akwai inda ɗakin farko ke shan iska, kuma duk adadin da za a samu nan gaba zai ɗauke da wannan ƙari.

Bayan haka sai a ɗora wani faifai sananne a inda kulas zai zauna. In na bisa mai milimita 20 ne, na ciki mai 30, matsi kuma santimita 71, ma'aunin ciki zai nuna hawan santimita 14 zuwa 15. A ajiye wannan faifai, a riƙa maimaita gwajin a farkon kowace ranar aiki.

Yadda ake gwaji

A wanke kulas ya bushe, a ɗaura buji, a rufe supap ɗin da ba a gwadawa. A ɗaure kulas a kan madadin silinda da roba a tsakani. A bakin hanyar shiga ana manna yumɓun wasan yara, a zagaye shi kamar bakin tulu, domin kaifin baki yana rage iska ta hanyar da ba ta faruwa in bututun shiga yana haɗe.

Sai a buɗe supap milimita 1, a daidaita zuƙa har ruwa ya tsaya a 71, a rubuta adadi. A ƙara milimita guda, a sake daidaitawa, a sake rubutawa, har a kai iyakar buɗewar da supap ke yi a inji. Hanyar hayaƙi kuma hura ta ake yi daga ɓangaren silinda, da guntun bututu a bakinta. Teburin da ba ya iya juya iska sai a yi masa ƙofa ta biyu a ɓangaren da injinan ke fitar da iska.

Karanta sakamako

Adadi mafi girma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Supap yana kai ƙarshen buɗewarsa sau ɗaya a kowane zagaye, amma yana ratsa tsakiya sau biyu, wajen buɗewa da wajen rufewa. Ribar da aka samu a milimita 3 ko 4 tana da nauyi ƙwarai.

A ƙaramar buɗewa, siffar mazaunin supap ce ke mulki. Shi ya sa ake yanka shi kusurwa uku, galibi digiri 30 da 45 da 60, don iska ta yi kwana a hankali. Da buɗewa ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin supap, misali milimita 7,5 ga supap mai milimita 30, filin da ke kewaye da shi ya yi daidai da filin kansa. Daga nan hanyar ce da kanta ke iyakance iska, musamman ƙasan kwanar da ke dab da mazauni.

Ana kuma iya auna ingancin hanya. A matsin santimita 71, iyakar gudun iska wajen mita 108 ne a sakan. Supap mai milimita 30 da aka buɗe milimita 5 yana da filin wucewa na milimita murabba'i 471, wanda a lissafi zai ba da lita 51 a sakan. In teburi ya nuna 25, hanyar tana ba da kusan rabin abin da filin zai iya.

Masu tsere suna da ƙiyasi: a ninka CFM na inci 28 da 0,257, a samu ƙarfin dokin da silinda guda za ta iya kaiwa in sauran injin ya dace. CFM 50 ya kama doki 13 ke nan. Rufi ne wannan adadi, yawancin injinan hanya suna ƙasa da shi. Haka kuma ana yawan neman hanyar hayaƙi ta wuce da wajen kashi 75 cikin 100 na abin da hanyar shiga ke wucewa da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne faɗaɗa hanya fiye da kima. Adadin teburi yana iya hawa, amma gudun iska ya ragu, ɗigon mai ya kwanta a bango, inji ya yi sanyin jiki a ƙaramin juyi, inda moto mai ɗaukar kaya da fasinja ke yini. Gurza mai zurfi kuma tana iya huda bango ta faɗa hanyar ruwa ko ta mai. Gyaran kirki shi ne wanda ya ƙara iska da cire ƙarfe kaɗan.

Zafi da tudu

Littattafan waje suna lissafi da iska mai nauyin kilo 1,2 a mita kub, wato ta bakin teku a digiri 20. Damagaram tana sama da teku da fiye da mita 400, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. A irin wannan rana nauyin iska yana sauka zuwa wajen kilo 1,07. Wanda ya yi lissafin faifai da 1,2 zai kauce da kimanin kashi 6 cikin 100, alhali ribar da ake nema a gyaran kulas sau da yawa ba ta wuce haka ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a riƙa rubuta zafi da matsin sararin sama a gyara lissafi, ko kuma a yi wa ma'aunin alama da faya-fayai sanannu. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, domin iska guda ce ke ratsa kulas da faifan ciki, don haka canjin nauyinta yana shafar su tare, ya kusa soke kansa. Wajen hurawa ne ake ƙara lura, saboda injinan suna ɗumama iskar kafin ta kai kulas.

Abin da teburin ba ya nunawa

Iskar teburi tana tafiya santsi, da sanyi, a bushe. A inji kuwa tana zuwa ne bugu-bugu, gauraye da mai, hayaƙi kuma yana fita da zafin ɗaruruwan digiri da matsin da ya ninka na teburi sau da yawa. Teburin ba ya ganin lokacin buɗewar supap, ba ya ganin tasirin tsawon bututun shiga da na hayaƙi.

Ba ya kuma nuna yadda iska ke murɗawa a cikin silinda, sai an ƙara masa ma'auni na musamman. A injin gazuwal wannan murɗawa ce ke gauraya mai da iska, kuma da gangan ake lanƙwasa hanyar shiga kamar katantanwa. Wanda ya miƙe irin wannan hanya zai iya ganin adadi ya hau a teburi, mota kuma ta kama baƙin hayaƙi. Kamfanonin binciken inji irin su Ricardo a Ingila da AVL a Ostiriya suna da nasu hanyoyin auna murɗawar. Hukuncin ƙarshe dai yana wajen gwada injin yana aiki.

Kariya

Injinan zuƙa suna tartsatsi a ciki. Kada a ɗora karbirato mai sauran mai ko kulas da aka wanke da isansi bai bushe ba, domin tururin zai bi ta cikinsu. Yawancinsu iskar da suke zuƙa ce ke sanyaya su, don haka barin su suna aiki ƙofa a rufe yana ƙona su. Ƙararsu tana buƙatar toshin kunne. Tsumma da ƙusa da goro a nisanta su daga bakin hanya. A lokacin hunturu, ƙura tana taruwa a bakin faifai ta sauya awo, sai a riƙa gogewa, a rufe teburin in an gama.

Sauran amfani

Duk abin da iska ke ratsawa ana iya ɗora shi: matatar iska, bututun shiga, tukunyar hayaƙi. A ƙasa mai rairayi, gwajin matata yana da riba ta kai tsaye. Ana iya kwatanta sabuwa da wadda ta yi wata uku, ko ta asali da ta kasuwa, a ga ko cire matata da wasu ke yi don neman gudu yana ƙara wani abin kirki, ganin cewa yashin da zai shiga yana cin mazaunin supap da bangon silinda. Teburin dai yawan iska yake aunawa, ba ya faɗin ko matatar tana tare ƙura da kyau.

Kayan haɗa shi katako ne da tiyo da faifan ƙarfe da injin zuƙa. Aiki ne da ya dace da ɗaliban kanikanci a makarantu irin su Lycée technique Dan Kassawa na Maraɗi ko EMIG ta Yamai, haka ma garajin da ke yawan aikin kulas. Abin da ake buƙata bayan kayan shi ne littafin rubutu: ranar gwaji, zafin rana, matsin gwaji, faifan da aka sa, da adadin kowace milimita kafin a taɓa ƙarfe da bayan an taɓa shi.